Na je bikin Auta a Japan, na ɓige da bin wani fure cikin taɓo

Tun kafin in bar Kaduna duk wanda na yi wa sallama sai yace "Hajiya a ɗauko mana hoton sakura fa", har da matar maƙwabcinmu wadda ban taɓa jin ta ambaci Japan ba tunda muke. Toh sakura dai, furen nan da Japan ta yi suna da shi, na gani, na ɗauka, na tura, kowa ya samu nashi. Amma abun da ya riƙe ni a tafiyar nan har na lalata takalmina sabo fil a kanshi wata 'yar bishiya ce daban wadda ko sunanta ban taɓa ji ba kafin in je.

Autanmu ne ya gama digirinsa na uku a Nagoya, su kuma can a ƙarshen watan Maris suke bikin yaye ɗalibai saboda shekarar karatunsu a Afrilu take farawa. Mama ba za ta iya zaman jirgi na awa goma sha ba saboda ƙafa, shine aka ce ni in je in wakilci gida. Wanda ya san ni ya san ciwona ɗaya ne, fulawa. Tsakar gidana ba wajen shanya saboda tukwane da tsoffin bokitan fenti, maigida har ya gaji da magana ya sa min ido. So tun a jirgi na riga na ƙudurta a raina cewa ko me za'a yi sai na dawo da wani iri.

Daga Abuja muka bi ta Doha, daga nan sai Tokyo, Auta ya tare ni muka hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, awa ɗaya da minti arba'in muna Nagoya, ni ko gyara zama ban gama ba. Awa 8 suke gaban Najeriya, ga shi muna cikin azumi, kwana ukun farko ban san dare ban san rana ba. Daɗin abun shine azumin ba wuya, ƙarfe shida da 'yan mintuna an sha ruwa, ba ƙishi ko kaɗan. Sanyi ne dai. Wai a haka ma Auta cewa yake "Yaya ai sanyi ya tafi, da kin zo a Janairu da kin gane", ni kuwa da jaket biyu da safa nake kwana.

Gidan da yake haya a bayan gari yake, wata tsohuwa ce mai gidan, tana ƙasa shi yana sama. Rana ta biyu bayan sallar asuba barci ya ƙi zuwa, na zauna jikin taga ina lazimi har gari ya fara haske, kawai sai na hango wani abu fari fat a kusurwar ɗan lambunta. Wallahi da farko na ɗauka tsummokara ne aka yayyaga aka rataya, ko iska ce ta kwaso takardu ta watsa kan busasshen itace. Saboda ba ganye ko ɗaya, rassan tsirara suke launin toka, amma kowane kan reshe da fure a jiki. Na sa hijabi na sauka ko Auta ban tasa ba.

Tsayinta bai fi in miƙa hannu in kusa taɓa samanta ba, kamar mita biyu da rabi, amma ta baje, faɗinta ya kai tsayinta ko ya fi, kuma tun daga ƙasa ta rarrabu gida huɗu ko biyar, ba gangar jiki ɗaya gare ta ba irin na mangwaro. Furen kuma girmansa kamar tafin hannun yaro, kunnuwansa sirara dogaye kamar an yanka kyalle da almakashi, sun bazu ko ta ina. Na ƙirga na wani na samu 14, na ƙirga na kusa da shi 17, wani ma na rikice na bari. Waɗanda basu buɗe ba suna cikin wata 'yar riga mai gashi-gashi, laushi kamar kunnen ɗan kyanwa, idan furen zai fito sai rigar ta tsage ta faɗi. Ƙamshin ba mai hawa kai bane, sai ka kai hanci kusa. Abun da ya fara zuwa raina gurjiya ce, yadda take zubar da ganye da hunturu sannan ta yi jan fure a kan rassa tsirara, da kuma kariya da ake shuka wa a bakin gida. Dabara ɗaya ce, fure kafin ganye, sai dai namu rani ne ke tuɓe su, wannan kuwa sanyi ne.

Ina tsaye a haka sai ga tsohuwar ta fito da tsintsiya, 'yar ƙarama a duƙe, ta haura tamanin inaga. Ta rusuna na rusuna, ta sake rusunawa na sake, nace yau na haɗu da wadda ta fi Bahaushiya gaisuwa. Ta nuna bishiyar tace "shidekobushi". Na maimaita ta yi dariya ta gyara min. Daga ranar Kaka nake ce mata, da Auta ya fassara mata ma'anar ta ji daɗi sosai.

Da hantsi na sa Auta a gaba nace sai ya min tafinta. Yace "Yaya ni fa injiniya ne, Japanancin fulawa ban iya ba", nace ka iya yau. Sunan ma kansa labari ne. Shide wasu fararen takardu ne da ake yankawa a karkace ana ratayawa jikin igiya a wuraren bautarsu na Shinto, na gansu da idona daga baya kuma gaskiya kamar ta yi, ashe tunanina na takardu bai yi nisa ba. Kobushi kuma dunƙulen hannu ne, wai saboda 'ya'yan da take yi sun yi kama da hannun da aka dunƙule. Masana kimiyya Magnolia stellata suke ce mata, stellata ɗin daga kalmar tauraro ne a Latin, magnoliya kuma sunan wani masanin tsirrai ne Bafaranshe na garin Montpellier, Pierre Magnol, wanda ya rasu a 1715. Shi yasa a ƙasashen Turawa ake ce mata magnoliya mai tauraro.

Kaka tace mijinta ne ya dasa ta shekara talatin da wani abu da suka wuce. Na sake kallon bishiyar na kalli Auta nace ka tabbata ka fassara daidai? Shekara talatin a wannan tsayin? Dogonyaro da na shuka shekara biyar ya fi ta sau uku. Yace haka tace. Ashe haka take, a hankali take girma, shi yasa masu ƙaramin fili suke sonta, ba za ta tsaga katanga ba ba za ta rufe taga ba, kuma duk da jinkirin nan tun tana 'yar ƙarama ƙasa da ƙugun mutum take fara fure, ba sai ka tsufa kana jira ba.

Ni da hannuna baya zama, na ga ganyaye busassu da ɓawon itace sun taru a gindinta sai na ɗauki ɗan fartanyan da ke jingine zan gyara mata, irin taimakon nan da ba'a sa ka ba. Tsohuwar nan da take tafiya da ƙyar sai gata ta riƙe min hannu caraf. Auta yana ta dariya yace "Yaya tace kar ki taɓa." Ta tsuguna ta ɗan yaye ganyen da yatsa ta nuna min, saiwoyin a sama-sama suke dab da fatar ƙasa, masu kauri da taushi, fartanya ɗaya ta isa ta raunata su kuma basa warkewa da wuri. Ganyen da na ɗauka datti ne ashe da gangan take zuba shi duk shekara, yana riƙe laima yana hana ciyawa yana ruɓewa ya zama taki, sai dai bata bari ya taɓa jikin itacen kansa. Saboda saiwar nan ne ma bishiyar bata son a yi ta ɗaga ta daga wuri zuwa wuri, tace ka yi tunaninka ka gama kafin ka haƙa rami, inda ka sa ta nan ne gidanta. Ramin kuma ya fi faɗi akan zurfi, kar a binne wuyanta fiye da yadda take a tukunyar da aka sayo ta. Ƙasa mai ɗan tsami-tsami da ruɓaɓɓen ganye ta fi so, mai laima kullum, shekara biyun farko kuwa ba wasa da ban ruwa musamman da zafi.

Sai maganar aski. Mu nan kun san yadda muke wa fulawa, almakashi kawai, a daidaita kai kamar an je shagon mai aski ranar jajiberin sallah. Kaka tace ita kusan bata taɓa ta, sai reshen da ya bushe ko wanda ya hau kan ɗan'uwansa yana gugarsa, shima sai bayan fure ya zube ganye ya fito sosai. Dalili kuwa, ƙullin furen baɗi tun a bana yake fitowa, cikin watannin zafi, ya kwana a kan reshe cikin rigar gashin nan duk tsawon sanyi. Wanda ya zo a lokacin kaka ko hunturu ya datse kan rassa toh furen shekara guda ya zubar da hannunsa.

Kwana biyu bayan bikin Auta, wanda ya yi kyau Alhamdulillah na sha kuka na sha hoto, sai aka yi wani dare mai sanyin gaske, sama tas ba gajimare, da asuba motocin da ke fake duk gilashinsu ya yi fari. Da na sauka furannin da ke can sama ta ɓangaren da ba kariya sun koma ruwan ƙasa, sun yi laushi sun rataye kamar ganyen shayin da aka gama dafawa. Raina ya ɓaci kamar nawa ne. Kaka kuwa ko a jikinta, tace kusan duk bayan 'yan shekaru sai an yi haka. Itacen kansa sanyi baya kashe shi, a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni ma yana rayuwa, furen da ya riga ya buɗe ne bashi da ƙarfi. Shi yasa mijinta ya sa ta a lungun da katanga ke tare iskar da ke gangarowa daga dutsen Ibuki, wadda mutanen yankin Nagoya suka sani sarai da sanyi, kuma ba inda ranar safe za ta buge ta kai tsaye ba, don fure in ya daskare rana ta narkar da shi da sauri nan take yake ƙonewa. Sa'ar da aka yi ba duka suke buɗewa rana ɗaya ba, waɗanda ke cikin rigarsu ba abun da ya same su, bayan kwana uku bishiyar ta sake fari.

Kaka ce ta jefa min maganar da ta kai ni taɓo. Tace ai wannan ta gida ce, in ina son ganin ta asali in je Tajimi. Nace ta asali kamar yaya? Ashe duk faɗin duniyar nan, bishiyar da ake sayarwa a gidajen fulawa na Ingila da Amurka da Jamus, inda take fitowa da kanta a daji wani ɗan yanki ne kawai da ya kewaye gaɓar ruwan Ise, jihohi uku, Aichi da Gifu da Mie. Shikenan. Kuma ina zaune a tsakiyarsu ban sani ba.

Auta ya nemo wata abokiyar karatunsu da ta karanci harkar gandun daji, yarinya mai kirki, ta zo da takalman roba guda biyu a jaka, ni kuma da taurin kai nace nawa ya isa. Daga tashar Nagoya muka hau layin Chuo, minti arba'in ko ƙasa da haka muna Tajimi a jihar Gifu. Garin tukwane ne da tangaran da tayil, duk inda ka juya shagon kofuna da faranti ne, kayan Mino ake ce musu. Kuma garin ya yi suna da zafi, a ranar 16 ga Agusta 2007 ma'auni ya kai digiri 40.9 wanda a lokacin shine mafi zafi da aka taɓa aunawa a Japan. Da ta faɗa min da alfahari sai da na danne dariya, nace Allah ya kai ki Sakkwato a watan Afrilu. Amma na riƙe maganar a raina saboda ta ba ni fata, nace toh in dai tana jure 40 ai Kaduna ba matsala.

Mun bi ta Kokeizan, inda akwai wani tsohon wurin ibadar mabiya Buddha da ake kira Eihoji, tun 1313 aka kafa shi, da tafki da 'yar gada mai lanƙwasa a bakin kogin Toki. Mun ɗan tsaya na kalli tsarin lambun daga nan muka haura tudu. Ni a zatona wani fili za'a kai ni mai shinge da kujeru irin na sakura. Ina. Gangaren tudu ne mai duhuwa, ƙasar tana tsattsafo da ruwa ko ina, ba rafi ba ba tafki ba, ruwa ne kawai yake tsiyaya a hankali cikin ciyawa da gansakuka. Can sai gasu, dogaye sirara a karkace, wasu sun kai mita biyar, kowacce ta miƙa wuya tana neman rana, furen jefi-jefi. In don kyau ne gaskiya ta Kaka ta fi su nesa ba kusa ba, waɗannan kamar 'yan'uwanta ne na ƙauye da basu samu kulawa ba. Amma launin ya ba ni mamaki, wata fara sol, ta kusa da ita ruwan hoda mai haske, wata kuma hodar ta yi duhu sosai ta bayan kunnen furen, ba biyu da suka zama iri ɗaya.

Garin leƙa wata mai duhun hoda ne na sauka daga kan turba taku ɗaya tak, ƙafata ta dama ta nutse har idon sawu, na ja ƙafa ta fito takalmi ya zauna. Auta maimakon ya taimaka sai ya ciro waya. Yarinyar ce ta zaro min shi da sanda, ta miƙo min na robar ba tare da tace komai ba, kunya kamar in nutse in bi takalmin. Kuma ashe laifi ne ma sauka daga turbar don ana tattake ƙananan tsirrai, na ba da haƙuri.

Amma taɓon da ya ci takalmina shi ya fahimtar da ni komai. Yarinyar ta ɗebo shi a yatsa ta nuna min, fari-fari ne mai danƙo, yumɓu. Tace tuddan yankin nan sama tsakuwa ce da yashi, ƙarƙashi kuma shimfiɗar yumɓu, ruwan sama sai ya ratsa tsakuwar ya tarar da yumɓu ya hana shi wucewa, sai ya bi gefe ya riƙa tsattsafowa a gangare. A irin wannan 'yar fadamar kan tudu bishiyar take rayuwa, ƙafarta a jiƙe amma ruwan mai motsi ne ba kwantacce ba, kanta kuma a rana. Wato yumɓun yankin da ya sa Tajimi da Seto suka zama garuruwan tukwane shine ya yi wa bishiyar gida. Har ma Tajimi ta ɗauke ta a matsayin itacen da ke wakiltar garin. Ta kuma nuna min wata da ta kwanta, reshen ya taɓa laka ya yi saiwa ya tashi a matsayin sabuwa, tace masu lambu ma haka suke yi in suna son ƙari, su lanƙwaso reshe na ƙasa su ɗan ƙwarzane shi su binne su danne da dutse, bayan shekara ɗaya ko biyu su yanke su dasa. Cikin wani fure kuma mun tarar da 'yan ƙwari ƙanana baƙaƙe suna ta birgima cikin garin furen, tace dangin magnoliya tsoffin bishiyoyi ne sosai a duniya, irin waɗannan ƙwarin masu ɓawon baya ne suka saba yi musu barbara.

Abun da ya tsaya min a rai shine wai a dajin ƙarewa take, tana cikin jerin tsirran da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna cikin haɗari. Wani ɓangare dalilin da kowa zai zata ne, an cike fadamu an yi gidaje da hanyoyi da filayen wasan golf. Ɗaya dalilin ne ban zata ba. Da can mutane suna saran itace a tuddan nan don girki da gasa tukwane, dajin baya yin duhu, rana tana sauka har ƙasa. Da gas da fetur suka zo aka daina shiga daji, manyan itatuwa suka tashi suka rufe sama, ita kuma 'yar gajeruwa ce, in inuwa ta yi yawa sai fure ya ragu, 'ya'ya su ragu, a hankali ta mutu a tsaye. Yanzu masu sa kai ne suke shiga da zarto suna rage itatuwan da ke kanta. Ni da na taso ina jin saran itace shine babban laifi a arewa, yau gani a inda rashin sara ne ya zama matsala, na daɗe ina juya abun. Wasu wuraren gwamnati ta sa musu doka, kamar na Tahara a yankin Atsumi da na Komono a Mie. Ta ba mu labarin dajin Kaisho da ke Seto ma, inda aka so a yi babban baje kolin duniya na 2005, mutane suka tashi da surutu saboda dajin, a 1999 aka gano sheƙar wani irin shaho a wurin, ƙarshe dai aka rage shirin sosai aka mayar da yawancinsa Nagakute. Akwai shidekobushi a wannan dajin har yau.

A jirgin dawowa Auta ya shiga waya yana karanto min yadda ta fita duniya, ni kuma ina ta kankare laka daga zanina. Wani likita Ba'amurke da ya zauna a Yokohama, George Hall, shi ya kai ta Amurka a 1862, Ingila kuma ta isa a ƙarshen shekarun 1870. Daga nan masu lambu suka yi ta zaɓe suna fitar da iri-iri, akwai Royal Star mai farin fure cunkus, akwai Waterlily, akwai Jane Platt mai ruwan hoda, wasu kunnuwan furensu sun haura 30. Matsalar ƙonewar furen nan ma sun nemi maganinta, a 1955 da 1956 a lambun bishiyoyi na ƙasa da ke Washington aka haɗa ta da wata 'yar'uwarta mai jan fure, aka samu iri takwas aka sa musu sunayen 'yan mata, su Ann da Betty da Jane da Susan, waɗanda suke jinkirta fure da sati biyu zuwa huɗu har sanyin ya wuce. Nace oh, ita a gidan mutane an mata gata har da 'ya'ya da jikoki, a garinsu kuma tana tsaye cikin taɓo tana roƙon rana.

Washegari na sa aka kai ni gidan sayar da fulawa, gata nan a tukwane jere, 'yan ƙanana da furensu, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Na ɗauki ɗaya na rungume. Auta yace "Yaya ina za ki da ita?" nace Kaduna mana. Yace da farko dai ba'a hawa jirgi da tsiro da ƙasarsa haka kawai, sai da takardar lafiyar tsirrai da izinin shigowa, kuma ko an ba ki wa zai ba ta sanyi? Nace ai tana jure digiri 40. Ya kira yarinyar nan a waya ta min bayani tiryan-tiryan. Zafin Tajimi da damshi yake zuwa, lokacin ruwa ne, saiwarta a jiƙe take. Namu zafin na Maris da Afrilu busasshe ne ƙurmus bayan wata biyar ba ruwa, ganyenta sirara ne zasu soye. Wannan ma da sauƙi tunda ana iya ban ruwa. Babbar matsalar ita ce sai ta yi barci, sai ta samu makonni da yawa a jere na sanyi na gaske irin na cikin firij kafin ƙullin furen ya yarda ya buɗe. Hunturunmu da muke kuka da shi muna hura wuta, da dare ne kawai, kafin azahar rana ta dawo da ƙarfinta. Na kawo Jos, na kawo Mambila, tunda an ce har tuffa ana samu, tace ita dai ba za ta sa kuɗinta ba. Na mayar da tukunyar inda na ɗauke ta, mai shagon ya rusuna min kamar na sayi kaya.

Abun da na dawo da shi kofi ne guda biyu na Tajimi, ɗaya fari ɗaya ruwan hoda, da takalmi wari ɗaya mai tabon da ya ƙi fita. Ranar da zan tafi Kaka ta tsinko fure ɗaya ta sa min a 'yar roba da ruwa, kafin mu kai Tokyo ya yi ruwan ƙasa. Da na iso gida abu na farko da na yi shine na hana yaron da ke min shara kwashe ganyen da ke gindin fulawowina, ya kalle ni kamar Japan ta taɓa min kai.

Auta ya samu aiki a can bai tashi daga gidan ba. Wajen watan Satumba ya turo min hoto ba ko sallama, wani abu ne mai ƙulu-ƙulu ja-ja a kan reshe, sak hannun jariri a dunƙule, gefe ɗaya ya tsage ƙwaya mai ruwan lemo ta leƙo tana lilo a jikin wani zare fari siriri. Ƙarƙashi ya rubuta, "Kaka tace in tambaye ki ko a ajiye miki iri, amma wai sai ya yi kamar wata uku a firij cikin yashi mai laima kafin ya tsira." Na kalli firij ɗina da tun shekaranjiya bai ga wuta ba, na rubuta masa nace ka gaishe ta da kyau, ka shuka a tukunya a barandarka, in ta yi fure ka kira ni bidiyo ko ƙarfe nawa ne a nan.